Yadda ake farfaɗo da MP3 ɗin da ta daina ɗaukar caji bayan an jona ta da kwamfuta

Wata Alhamis ƙanina ya ɗauki 'yar MP3 ɗin Baba, wadda yake sauraren karatu da ita bayan sallar Asuba, ya kai ta shagon masu tura abubuwa don a ƙara masa tafsirin azumin bara. Lafiya lau ta bar gida. Da ta dawo allo baƙi ƙirin, an danna nan an danna can shiru, aka sa ta a caji har bayan Isha'i ko ƙyallin haske babu. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, sun ƙona ta ke nan." Ƙanina kuwa har ya fara lissafin kuɗin sabuwa.

Ba ta ƙone ba, har yau tana aiki. A irin wannan matsala da wuya ka tarar na'urar ta mutu murus. Galibi ko dai ta sandare ne tana zaton har yanzu tana jone da kwamfuta, ko batirin ya zuƙe fiye da kima, ko kuma kebul ne ya gaji. Abin da ke kashe ta da gaske shi ne garajen mai ita: a ɓalle ta da wuƙa, a yi mata fomatin, a ɗura mata manhajar da ba tata ba. Shi ya sa na jera matakan nan daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa wanda sai an je gun mai gyara. Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka: abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. In ka sauya kebul da caja da soket a lokaci guda ta tashi, ba za ka san mai laifin ba, kuma gobe zai sake yi maka.

Me ya bambanta kwamfuta da cajar bango

In ka feɗe kebul ɗin USB na yau da kullum za ka ga siraran wayoyi huɗu. Ja da baƙa su ke ɗauko wuta, bolt 5. Fara da koriya su ke kai bayanai su dawo da su. Cajar bango ba ruwanta da bayanai, wuta kawai take turawa, kuma da yawa daga cikinsu an haɗe musu bakin wayoyin bayanan biyu a ciki, alamar da ke gaya wa na'ura cewa nan caja ce, ta ja wuta yadda take so.

Kwamfuta kuwa sai an yi sallama. A ƙa'idar USB 2.0, na'urar da aka jona yanzu miliamfiya 100 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) ne haƙƙinta, har sai ta gabatar da kanta ta nemi ƙari, sannan a ba ta har 500. Ramin USB 3.0, wanda galibi harshensa shuɗi ne, yakan kai 900. In kuma kwamfutar ta yi barci, abin da ƙa'ida ta yarda na'ura ta ja bai wuce miliamfiya 2.5 ba, wanda ko allon ba zai riƙe ba balle ya cika batir. Ita ma MP3 ɗin, da zarar ta ji kwamfuta ce, sai ta ajiye aikinta ta zama kamar filas: allo a kunne, ma'ajiya na aiki, tana cin wuta. Ka ga mutum zai iya barin ta a jikin laftof ya rufe murfi ya kwanta, a ransa tana caji, alhali tsotse ta ake yi har gari ya waye. Haka in an fizge kebul ana tsakiyar tura abu, ƙwaƙwalwarta na iya maƙalewa a wannan hali, ta ƙi komawa hayyacinta.

Mataki na 1: cire komai, ka dube ta da kyau

Cire kebul, cire iyafis, cire memori in tana da shi. Ɗora ta a kan tebur mai santsi ka ga ko tana zama daram ko tana lilo. Duba gefe ko murfin baya ya ɗaga, ko allo ya turo waje. Sansana ta. In batir ya kumbura, ko ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko tana wani wari mai kama da na sinadari, tsaya nan. Kada ka sake sa ta a caji, kada ka matsa kumburin, kada ka huda shi. Batirin litiyam da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, ka tsallaka zuwa mataki na ƙarshe.

Mataki na 2: makunnin gefe

Wannan ƙaramin abu ne, amma ya sa mutane da yawa sun jefar da na'ura mai lafiya. Ƙananan MP3 da MP4 na Sin, irin marasa suna da suka cika kasuwa, da yawansu suna da makunnin turawa a gefe mai ON da OFF. A irin waɗannan, makunnin yanke batir yake yi daga jikin na'urar gaba ɗaya. In yana kan OFF ka jona ta, allo na iya kawowa, kwamfuta ta gan ta, har alamar batir tana iya motsi, amma ko ɗigon wuta ba ya shiga batir. Da ka cire kebul sai ta mutu. Masu shago kuwa sukan kashe makunnin kafin su jona ko bayan sun gama. Tura shi kan ON kafin ka sa caji. In tana da makunnin kulle mai rubutun HOLD, tabbatar ba a kulle take ba, don in a kulle take duk dannawar da za ka yi a mataki na gaba aikin banza ne.

Mataki na 3: tashe ta daga sandarewa

A nan aka fi dacewa. Na'urar da ta sandare tana kama da matacciya, amma a kunne take, ƙwaƙwalwar ce ta tsaya cak, kuma a yawancinsu ƙwaƙwalwar ce ke nuna alamar caji a allo. Abin da ake so shi ne a tilasta mata ta fara daga farko. Wannan ba ya goge komai daga abin da ke ciki.

Nemi ɗan mitsitsin rami a baya ko a gefe, wani lokaci da rubutun RESET a kusa. Sony Walkman da yawa suna da shi, haka na Sin ɗin. Sa kan fil ko waya siririya ka danna a hankali har ka ji ɗan "ƙas". Ka lura kada ka rikita shi da ramin makirfo, girmansu kusan ɗaya ne, kuma in ka soka allura a makirfo ka huda shi. In babu rami, danne makunnin wuta ka riƙe. A SanDisk Clip daƙiƙa 20 ake riƙewa. Ka ƙirga da agogo, don daƙiƙa 20 ta fi tsawo fiye da yadda yatsa ke zato, yawancin mutane a ta bakwai suke saki. A iPod classic da sauran masu kewayen dannawa, tura makunnin kulle ka dawo da shi, sannan ka danne MENU da madannin tsakiya tare, kamar daƙiƙa 8, har tambarin Apple ya fito.

In ba ta motsa ba, sake yi tana jone da cajar bango, domin wataƙila batirin ba shi da ƙarfin tashe ta.

Ta Baba haka aka yi. Na tarar makunnin gefe yana kan OFF, na tura shi, na sa ta a cajar wayata, na soka fil a ramin baya. Allo ya ɗan yi fari ya ɗauke, can sai ga alamar batir fanko tana ƙiftawa. Ƙanina ya ce, "Yaya, shi ke nan? Wallahi har na yi niyyar komawa shagon in yi musu rashin mutunci." Baba ya ce a ƙyale mutane, a bar ta ta cika.

Mataki na 4: cajar bango, wani kebul, da haƙuri

Bar kwamfuta tukuna. Samo kan caja mai kyau wanda aka rubuta 5V 1A a jikinsa, ko fawa banki, kodayake wasu fawa bankin sukan kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, kuma MP3 ƙaramar ciki ce. Jona ka bar ta. Kada ka riƙa dannawa kana leƙawa.

Ga dalilin haƙurin. Batirin litiyam ana rubuta masa bolt 3.7, in ya cika yana kai 4.2, kuma na'ura takan kashe kanta in ya sauko kusan 3. In ya zarce ƙasa da haka, kamar yadda ke faruwa ga wadda ta kwana a sandare, ɗan guntun da ke kula da caji ba ya sakar masa wuta gaba ɗaya. Da kaɗan-kaɗan yake fara ba shi, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ya saba, yadda ake fara ba mai buɗa-baki ruwa kafin tuwo. A duk tsawon wannan lokaci allo na iya zama baƙi. Ba ta minti 30 aƙalla, in ta daɗe a ajiye ba ta awa biyu, sannan ka sake mataki na 3. Kuma a inuwa, don batirin nan ba a son cajinsa a zafin da ya haura digiri 45, kuma na'urar da aka bari a gaban mota a watan Afrilu ta wuce nan nesa.

In shiru, sauya kebul. A nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki: ana zagin kwamfuta alhali kebul ne ya karye a ciki daidai wuya, inda yake lanƙwasa. Yi gwajin da kebul ɗin da ka tabbatar yana cajin wata na'urar yanzu-yanzu, gajere mai kauri, domin dogo siriri yana zubar da wuta a hanya. Akwai kuma kebul mai wayoyi biyu kacal, na caji zalla. Wannan zai yi caji amma kwamfuta ba za ta taɓa ganin na'urar ba, kuma wasu na'urorin ba sa yarda su ja wuta sosai da shi.

Abubuwa biyu da ke ruɗa mutane. In MP3 ɗinka sabuwa ce mai bakin USB-C, kuma kana amfani da kebul mai C a kowane kai, gwada mai babban kai na da a gefe ɗaya. Caja mai bakin C ba ta sakin wuta sai ta ji wasu 'yan ƙananan resista biyu, masu rage gudun wuta, a cikin na'urar, kuma masu ƙera kayan araha sukan bar su don rage kuɗi. Irin wannan na'ura lafiyarta ƙalau, amma da kebul na C zuwa C ko shekara za ta yi ba za ta ɗauka ba. Na biyu, in tsohuwar iPod ce ta fari-fari, daga ta 2001 zuwa ta 2003, da wani irin kebul na daban mai suna FireWire ake cajinta. Ta 2003 ɗin tana karɓar waƙoƙi ta USB amma ba ta caji ta nan.

Mataki na 5: bakin caji

Haska tocila cikin ramin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a can ƙasa su dunƙule, kan kebul ya kasa shiga har ƙarshe. Kashe na'urar, ka sa tsinken sakace na itace da aka fiƙe, ka yi ta zaƙulowa a hankali ta gefe-gefe ba tare da ka taɓa harshen tsakiya ba. Ban da allura ko wani ƙarfe. In akwai tsatsa ko kore-kore, ɗiga sipirit kaɗan a tsohon burushin haƙori ka goge, ka bari ya bushe sarai.

Sai ka jona kebul ka ɗan motsa kansa sama da ƙasa. In caji na kawowa yana ɗaukewa da kebul biyu daban-daban, ƙafafun bakin sun saki daga allon ciki. Jonawa da kwamfuta na jawo wannan fiye da yadda ake zato, musamman in an bar na'urar tana reto a gaban babbar kwamfuta, nauyinta duka a kan baki. Aikin dalma ne, na mai gyara.

Mataki na 6: in a bango tana caji, a kwamfuta ne ba ta yi

To na'urarka ta fita zargi. Sauya rami. A babbar kwamfuta yi amfani da ramukan baya, su ke manne da babban allon kai tsaye, na gaba kuwa ta wata waya suke bi. Cire duk abin raba rami da ba shi da tasa wutar, domin irinsa miliamfiya 500 ɗin nan yake rabawa kowa. Laftof kuma jona ta da wuta, kada ka rufe murfi.

In har yanzu, kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare mata wuta, danne makunninta daƙiƙa 30, sannan ka kunna. Ramin USB yana da kariyar da ke yanke wuta in an ja fiye da kima, kuma wani lokaci ba ya dawowa sai an yi haka.

A Windows akwai saiti biyu da ke yanke wa rami wuta don tattalin batir. Danna madannin Windows da X tare, zaɓi Device Manager, sauka ƙasa ka buɗe Universal Serial Bus controllers. Danna USB Root Hub sau biyu, shiga shafin Power Management, cire alamar da ke kan layin da ya fara da Allow the computer to turn off this device. Yi wa kowane Root Hub haka. Na biyun yana Control Panel, cikin Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, USB settings. Mayar da USB selective suspend kan Disabled. In kuma a jerin nan ka ga Unknown USB Device da alamar rawaya, danna shi da madannin dama na mawus ka zaɓi Uninstall device, cire na'urar, sake kunna kwamfuta, ka jona. Wannan alama tana nufin sallamar da na ambata ce ba ta kammala ba, kuma sau da yawa kebul ne sila.

Wasu na'urorin, kamar SanDisk Clip+, suna da saitin yanayin USB a cikinsu: MSC, MTP, ko zaɓin kai. Sa ta a MSC, wato ta bayyana kamar filas. Shi ya fi rashin rigima.

Gargaɗi guda daga abin da kowa ya sani a shagunanmu: in ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan jan ka, musamman a kan janareta, ba ta da wayar ƙasa. Ni ba na jona abin da nake so da irin wannan.

Mataki na 7: in tana tashi ta tsaya a tambari

Wani lokaci cajin na shiga, amma na'urar ta kasa wuce hoton farko, ko ta yi ta kunnuwa tana mutuwa. Bayan an tura mata sababbin abubuwa takan karanta su duka ta jera, kuma fayil ɗaya da ya lalace ya isa ya shaƙe ta. Tashe ta babu memori. In ta tashi, laifin na memori ne. Sa shi a kwamfuta, kwafe abin da ke ciki, ka bincike shi da maganin bairos, don kwamfutar da ke karɓar memorin mutum ɗari a rana ba ta rasa cuta. Tsofaffin na'urori tsarin ajiya mai suna FAT32 suka sani, memorin da ya haura gig 32 kuwa da exFAT yake zuwa, da yawansu ba sa karanta shi.

In ma'ajiyar ciki ce, jona ta, danna ta da madannin dama na mawus a This PC, Properties, Tools, Check. Goge abin da aka tura na ƙarshe. In ya zama dole a yi fomatin, fara kwafe komai, sannan ka yi daga cikin saitin ita na'urar, ba daga kwamfuta ba. Ita iPod ta manhajar Apple mai suna iTunes ake maido da ita, kuma hakan yana share duk abin da ke ciki.

Filashin, wato sake ɗura mata manhajar da ke tafiyar da ita, shi ne na ƙarshe, kuma a ganina in na'urar marar suna ce a haƙura da shi. Guda biyu na iya zama kamar an tsaga kara a waje, ciki kuwa kowacce da nata guntun da nata allon, kuma manhajar da ba ta dace ba tana mayar da ita dutse. In mai suna ce, daga shafin kamfanin kaɗai za ka ɗauko, na daidai lambar samfurinka, batir kuma ya zama da caji kafin a fara.

Mataki na 8: mita da mai gyara

In murfin batir na buɗuwa, kamar 'yan rediyon nan masu cin memori da ke amfani da batirin BL-5C irin na tsohuwar Nokia, abin da sauƙi: ari wani batir ka gwada. In ta tashi, sayi sabo. Batirin litiyam dama yakan fara gajiya bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500, don haka mai shekara uku yana iya mutuwa a ranar da aka kai shi kwamfuta, faɗuwa ta zo daidai da zama.

In a rufe take, kai wa mai gyaran waya, amma ka je da tambaya a bakinka maimakon ka ce "ba ta yi" ka juya. Ce masa, "Injiniya, don Allah auna min bakin caji tukuna, sannan batir." Tana jone, ya kamata mita ta nuna kusan bolt 5 a ƙafafun baki, tsakanin 4.75 da 5.25. In babu, baki ne, a canza shi. In akwai, a auna batir. In yana hawa a hankali yayin caji, hanya lafiya take. In biyar ɗin na shiga amma batir bai motsa ba, ɗan guntun caji ne ya tafi, ko kuma batirin ya mutu. In bayan awa biyu a caji har yanzu yana ƙasa da 2.5, a canza shi. Kada ka yarda a ɗosana masa wayar caja kai tsaye wai a "ja" shi. Yakan tashi, amma batirin da ya daɗe a ƙasa haka ya riga ya lalace a ciki, kuma wannan abu ne da Baba ke kwana da shi kusa da matashi.

Wajen sayen sabo, karanta lambobi shida da ke jikin tsohon. In an rubuta 502030, kaurinsa milimita 5 ne, faɗi 20, tsawo 30. Nemi mai wannan girma ko ɗan ƙasa da shi, bolt 3.7, mai ɗan allon kariya a ƙarƙashin rawayan salatif da ke wuyansa. Ƙirga wayoyin tsohon: in uku ne, ta ukun galibi ta awon zafi ce, kuma wasu na'urorin ba sa caji in babu ita. Kafin injiniya ya rufe murfi, sa shi ya jona caja a gabanka ya ɗora mita a kan sabon batirin, ka ga lambar tana hawa da idonka.